Kukan da yake tashi a bayan Camry ɗina, boris ne ko taya?

Baban Walid:
Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah masu sanin mota a ba ni shawara kafin in je a yanke ni a sina'iyya, unguwar bakanikai a nan Jidda. Camry ce 2010, ta ci kilomita dubu 280 da ɗoriya, kusan wata biyu ke nan wani kuka yake tashi daga baya, ba ƙarar bugawa ba ce, gurnani ne wuuuu kamar jirgi na wucewa daga nesa. Cikin gari ba ka ji sosai amma da na hau hanyar Makka na wuce 70 sai ya fara, in na kai 100 kuwa sai na ƙara muryar rediyo. Jiya na ɗauko surukata daga Shari' Mansur tana zaune a baya ta ce min Baban Walid wannan mota taku inji niƙa aka saka a but ɗin? Kunya kamar in nutse wlh. Ban da wannan in na hau matab, wato tudun rage gudu, bayan yana yin ƙwal ƙwal sannan ta yi ta rausaya kamar kwalekwale. Fahas ɗina, wato takardar gwajin lafiyar mota, zai ƙare ƙarshen wata, istimara, takardar rajistar motar, ita ma ta zo wuya kuma kun san ba za ta sabuntu a manhajar gwamnati ta Absher ba sai da fahas. Me zan fara canjawa?

Direban Bayti:
Wa alaikumus salam. Boris ne ɗan'uwa ba sai an duba ba, rumman bili kamar yadda mutanen nan suke cewa. Kukan nan na san shi kamar yunwar cikina. Ka yi sammako ka tafi tashlih na Briman, inda ake sayar da kayan motocin da suka yi hatsari, Camry irin taka a can kamar jamfa a Jos, ka sa a kwance maka hob ɗin baya, ƙarfen da ake ɗaura taya a kai, gaba ɗaya daga wadda ta yi hatsari ta gaba, asali ne na kamfani kuma kuɗin ba zai kai rabin na wakala, wato dilan kamfanin, ba. Khalas.

Mu'allim na Makka:
Malam Direba a yi a hankali, ba a rubuta magani ba a ga mara lafiya ba. Baban Walid kar ka sayi ko noti ɗaya tukuna. Abu biyu ne suke yin wannan gurnanin kuma kukansu kamar Hassan da Husaini, boris da ya mutu, da taya da ta ci a karkace. Kai kuma ka ce motar tana rausaya bayan matab, to wannan shakazoba ce ta tafi, kuma shakazoba in ta mutu tayar tana ta tsalle a kan kwalta ba ka sani ba, sai ta ci tudu da kwari tudu da kwari, daga nan ta fara kuka irin na boris sak. Na sha ganin mutum ya canja boris biyu ya fito daga warsha, wato gareji, kukan yana nan yana jiransa.
Ga abin da za ka yi yau ba tare da ka kashe riyal ɗaya ba. Samu hanya mai faɗi da ba kowa, kai ta 70 ko 80 inda kukan yake fitowa, ka ɗan karkata sitiyari hagu a hankali sannan dama kamar mai canja layi. In ka karkata hagu nauyin motar yana komawa dama, in kukan ya ƙaru a lokacin to boris ɗin dama ake zargi, in a karkata dama ya ƙaru to na hagu. In kuma kukan bai damu da karkatawa ba amma yana canja murya daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa, to taya ce. Bayan haka ka tsaya ka shafa tafin hannunka a saman tayoyin baya ta gefen ciki, in ka ji gargada kamar haƙoran zarto ka faɗa min.

Direban Bayti:
Mu'allim ni fa ba yau na fara mota ba, shekara goma sha ɗaya ina jan motar kafili, wato maigidana. Duk wannan dogon lissafin ƙarshensa boris ne, a rubuta a ajiye.

Maman Hanan:
A'a Malam Direba, Mu'allim gaskiya ya faɗa don ni ya faru a kaina. Tun da aka ba mata izinin tuƙi a 2018 na samu lasisi nake jan Corolla ɗina kai yara makaranta, bara ta fara irin wannan kukan, na shiga wata warsha mutumin ko ɗaga motar bai yi ba yana jin na ce kuka daga baya ya ce rumman bili ya ukhti, biyu duka. Na biya, na fito, kafin in kai gida kukan yana nan yadda yake. Da na koma sai ya ce wai sai sabon ya zauna. Sati biyu bai zauna ba. Ƙanena ne ya kai ta wajen mai banshar, wato mai faci, aka mayar da tayoyin baya gaba, sai kukan ya tashi ya dawo gaba har ina jin sa a sitiyari. Ashe tun farko taya ce. Kuɗina dai sun tafi, kuma tsofaffin da ya cire ma bai ba ni ba, Allah ya isa ban yafe wannan ba.

Mu'allim na Makka:
Hajiya Allah ya mayar da alheri. Wannan da ƙaninki ya yi shi ne gwajin da ya fi kowanne araha, musanya taya gaba da baya, in kuka ya bi taya an gama magana. Kuma a riƙe wannan, duk abin da aka cire daga motarka naka ne, ka ce a sa maka a but, ko ba ka san kansa ba wani zai duba maka.

Baban Walid:
Na gode ƙwarai, bayan la'asar in rana ta yi sanyi zan fita in gwada. Amma tambaya, in boris ɗin ne zan iya lallaɓawa har a yi albashi? Saura kwana goma sha biyu, kuma ina da niyyar kai iyali Madina kafin nan.

Alhaji na Hindawiyya:
Yaro kar ka soma. Madina ba nan kusa ba ce, kilomita ɗari huɗu da wani abu daga Jidda, hanya miƙaƙƙiya kowa yana taka wuta, ga zafi. Ni da idona na ga abin da boris yake yi. Shekarun baya muna dawowa daga ziyara da wata tsohuwar Cressida da nake da ita, ita ma ta daɗe tana kuka ina cewa gobe jibi, mun wuce rabin hanya sai warin ƙauri ya cika motar, uwargida ta ce Alhaji wani abu yana ƙonewa, na tsaya na zagaya baya na kai hannu kusa da wil ɗin ban ma taɓa ba zafi ya kore ni, giris ya narke yana ɗiga baƙi ƙirin, tayar kuma ta kwanta gefe kamar mai shirin fita. Da mun ƙara minti goma Allah kaɗai ya san abin da zai faru. Sadaha, motar ɗaukar mota, muka kira ta ɗauke mu, kuɗin sadahar kaɗai ya sayi boris uku, muka kwana a hanya da yara ƙanana. Tun daga ranar ni abin da ya shafi ƙafar mota da birki wakala nake zuwa, in ba ni da kuɗi in ajiye motar in hau ta haya. Araha ba ta ado.

Direban Bayti:
Baba Alhaji wakala ta masu hali ce irinku. Mu da ratibin, wato albashin, bai taka kara ya karya ba, ga haya ga kuɗin iƙama, wato takardar zama, ga na gida suna jira a aiko, ga harajin kashi 15 a kan komai, in muka ce wakala ai sai dai mu koma tafiya a ƙafa. Na tashlih ɗin ma ai daga wakalar ya fito tun asali.

Mu'allim na Makka:
Ni ban hana tashlih ba, ni ma can nake sayen ƙofa da fitila da bamba da madubi, har giya da inji in da garanti. Amma boris da shakazoba da bushin abubuwa ne masu kwanan wata, kamar ka sayi takalmin da wani ya yi shekara goma yana takawa ne. Hob ɗin Camry a rufe yake ruf, ba ka ganin cikinsa, ba ka san kilomita nawa ya ci ba, ba ka san ko motar ta kwana cikin ruwa ba. Ku mutanen Jidda kun fi ni sanin ruwan Nuwamba na 2022 yadda ya shanye motoci a ƙarƙashin gadoji, to ina kuke zaton da yawansu suka ƙare? Ruwa in ya shiga boris ya haɗu da giris sai tsatsa, a hannu za ka juya shi ka ji lafiya lau, ka ɗaura wata biyu ya fara waƙa. Garantin mai tashlih kuma 'yan kwanaki ne, kuɗin aikin hannu kuwa ba mai dawo maka da shi, sau biyu za ka biya.
Tsakanin wakala da tashlih akwai hanya. Kamfanonin da suke ƙera boris irin su Koyo, NSK, NTN da SKF suna sayar da nasu a kwalinsu, shakazoba kuma akwai KYB. Matsalar kawai jabu ya yi yawa, kwali iri ɗaya rubutu iri ɗaya, don haka a saya a shago tsayayye mai ba da fatura, wato rasit, da garanti a rubuce, ba wanda zai ce maka wallahi asali ne ya miƙo maka a leda ba.

Ɗan Mai Wurno:
Salam jama'a. Ni abin yana ba ni mamaki yadda a nan komai sai a ce a jefar a sayi sabo. Mu a Sudan bilali, wato boris, ba a jefar da shi haka nan. Na yi yaron usta, wato babban bakanike, shekara huɗu a Sinnar kafin in zo nan, bokasi, wato motoci a-kori-kura, muke gyarawa masu shiga ƙauyuka lokacin damina laka har gwiwa, sai mu kwance, mu wanke da jas, wato man gas, tas, mu duba ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a rana, in ba tabo ba shuɗi a cika tafin hannu da giris a dinga dannawa har ya ɓullo ta ɗaya gefen, a mayar a ɗaure notin sannan a ɗan sassauta a sa fil a lanƙwasa. Motar ta ƙara shekara tana aiki. Usta na yana cewa bilali ba ya mutuwa sai dai a kashe shi da yunwar giris. Me ya hana a yi wa Camry ɗin haka?

Mu'allim na Makka:
Ɗan'uwa ustanka ya iya aiki, kuma abin da ka faɗa daidai ne a kan irin wancan boris ɗin mai ƙwayoyi a karkace da ake ɗaurewa da noti da fil, irin na gaban tsofaffin Hilux. Ni ma da shi na koyi aiki a Ƙofar Ruwa. Amma na bayan Camry 2010 wani abu ne daban, dunƙule guda ne, boris da hob da sensar ABS duk a haɗe daga kamfani, an cika giris an rufe. Kusoshi huɗu ne suke riƙe da shi ta baya, akwai rami a fuskar hob ɗin da ake zura soket a kai gare su. Cire taya, cire kalifa mai matse birki a rataye ta da waya kar a bar ta tana lilo a jikin tiyon birki, cire faifan birki, kuma sai an sauke birkin hannu don takalmansa suna cikin faifan, zare filogin sensa, kwance huɗun nan, in tsatsa ba ta riƙe ba ya fito. Ba makbas, wato injin dannawa, ba komai. In ka fasa shi don ka sa giris ka gama da shi ke nan.

Ɗan Mai Wurno:
To Allah ya kyauta, an mayar da bakanike mai canje kawai. Na ƙaru Mu'allim.

Turaren Makka:
Salam 'yan uwa akwai turaren wuta da humra da oud mai kyau ana kawowa har gida Jidda da Makka a yi min magana ta gefe

Admin:
Hajiya mai turare an sha faɗa, talla ranar Juma'a ne kawai. Na bar wannan, na gaba gogewa zan yi.

Baban Walid:
To na dawo. Na gwada yadda Mu'allim ya ce, in na karkata hagu kukan yana ƙaruwa sosai har ina jin sa a kujera, in na karkata dama kamar an rage masa murya amma bai ɗauke duka ba. Na shafa tayoyin, ta dama da ta hagu duka gefen ciki gargada ne kamar an sassaƙa da wuƙa. Sai na biya wajen wani mai banshar ɗan Yaman da muke mutunci ya ɗaga min bayan, ya kama tayar dama sama da ƙasa ya girgiza, akwai ɗan motsi kaɗan tak tak, ta hagu shiru. Sannan ya ce in ɗora hannuna a kan sifirin ya juya tayar da ƙarfi, wlh sai na ji gurrr a cikin yatsuna kamar ana niƙa tsakuwa, a hagu kuwa sumul. Da muka haska fitila shakazoba ta dama duk jikinta mai ne ya kama ƙura ya yi baƙi, ta hagu ma ta fara jiƙewa. Akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai kai biyu shi ma robarsa ta yage yana kaɗawa da hannu.

Direban Bayti:
Me na ce? Boris. Tun safe na faɗa aka tsaya ana ta turanci.

Maman Hanan:
Ka faɗi ɗaya ka bar huɗu Malam Direba, da ya bi taka da yanzu yana Briman ya sayo hob biyu alhali na hagu lafiyarsa ƙalau.

Mu'allim na Makka:
Madalla, yanzu muka san inda muka dosa. Boris na dama ya tafi, wannan ba jira, Madina kuma a ɗaga ta kamar yadda Baba Alhaji ya ce. Siririn ƙarfen nan shi suke kira mismar tawazun, shi ne mai ƙwal ƙwal ɗin a matab, ba shi da tsada a canja biyun. Shakazoba biyu za ka saya, musa'adat a bakin mutanen nan, ba a canja ɗaya a bar ɗaya don gefe guda zai riƙe ɗayan ya saki, a kwana ko birkin gaggawa motar ta yi maka rawa. Tunda za a kwance su a duba kujerar sama da robar da take rufe sandar, in sun farfashe a haɗa da su, don a Camry kafin a kai ga notunan sama sai an cire kujerar baya da allon da yake bayanta, ba aikin da za ka so a maimaita ba ne. Sannan a sa ƙarfe a ɗan bankare hannuwan baya a ga bushin ɗinsu, su suke kira jilab, zafin ƙasar nan yana busar da roba ta tsattsage ko motar ba ta tafiya. Wanda ya yage a canja, wanda yake lafiya a ƙyale shi.

Alhaji na Hindawiyya:
Mu'allim a nan kam ban bi ka ba. Tunda na dama ya mutu na hagu ma yana hanya, rana ɗaya aka haife su hanya ɗaya suka bi. A canja biyun a huta.

Mu'allim na Makka:
Baba Alhaji in da hali ba laifi, ba zan ce ka yi kuskure ba. Amma ba lallai hanya ɗaya suka bi ba, gefen dama shi ne yake shan gefen titi da ramuka da dukan rasif, wato dakalin gefen titi, wajen fakin, shi ya sa sau da yawa yake riga mutuwa. Boris ba kamar shakazoba ba ne da sai an daidaita ƙarfinsu, wanda yake shiru ba motsi zai iya ƙara shekaru, kuma canja shi daga baya ba ya buƙatar a sake kwance wani abu mai yawa. Mutumin da yake ƙirga kwanakin albashi gara ya sa kuɗin a taya, don tayoyin nan nasa sun riga sun lalace.

Alhaji na Hindawiyya:
To ai shi ke nan, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ni dai biyu nake canjawa.

Autan Mama:
Yaya Baban Walid me zai sa ka biya kuɗin aiki, na kalla a YouTube abu ne mai sauƙi wlh, ina da akwatin sifana, ka zo ranar Juma'a bayan masallaci mu yi a ƙofar gida awa biyu mun gama

Mu'allim na Makka:
Auta hob ɗin na yarda mai hankali zai iya, da sharaɗin a sa wa motar ƙafar ƙarfe a ƙasa, ba jak ɗin but kaɗai ba, jak na canjin taya ne ba na shiga ƙarƙashi ba. Amma shakazoba ka fita hanyarta. Ta bayan Camry a cikin sifirin take, sifirin ɗin kuma a matse yake da ƙarfin da yake ɗauke da mota, in ka kwance notin tsakiya ba ka kama shi da abin matsewa ba zai tashi kamar harsashi. Akwai yaron da muka yi aiki tare, har yau in ya yi dariya gefe ɗaya ba haƙora, wannan notin ne. A bidiyo ba sa nuna maka wannan.
Kuma akwai abin da ko wasu masu warsha suke sakaci da shi. Kusoshin da suka ratsa ta cikin bushin ba a ƙarasa ɗaure su motar tana rataye a sama, sai an sauke ta nauyinta ya zauna a kan ƙafafunta. In aka ɗaure a sama, da an sauke robar za ta murɗe ta zauna a murɗe, wata kaɗan sabon bushin ya yage ka ce jabu aka sayar maka. Baban Walid ka tsaya a kansu ka ga sun yi haka. Notin taya kuma a Camry 103 Nm ne a sifanar awo, ba a sa bindigar iska a yi ta tarrr har sai ta gaji ba, ranar da ka yi faci a hanya ka hau kan sifana da ƙafa ka kasa kwancewa za ka tuna da ni.

Autan Mama:
Na janye Mu'allim, haƙorana ina so

Baban Walid:
Hhhh Auta Allah ya shirye ka. To gobe in sha Allah zan karɓi bashi wajen wani abokin aiki in shiga sina'iyya. Mizani fa, wato saitin ƙafafu, dole ne? Na ɗauka gaba kawai ake yi wa.

Mu'allim na Makka:
Dole ne. Corolla irin ta Maman Hanan bayanta ƙarfe ɗaya ne ya haɗa ƙafafun biyu ba abin da ake juyawa, amma Camry kowace ƙafa da hannuwanta kuma akwai wurin saiti, tunda an kwance shakazoba sai an hau na'ura ƙafa huɗu. Amma ka sa tayoyin tukuna sannan mizani.

Baban Walid:
Salam jama'a, ga rahoto bayan kwana uku. An canja hob na dama, shakazoba biyu da kujerunsu, mismar biyu, da bushin guda biyu da aka samu sun rabu da ƙarfensu, waɗannan sai da aka kai makharaɗa, wajen masu injin sassaƙa ƙarfe, aka danna su da makbas. Tsohon hob ɗin da aka ciro na riƙe shi a hannu ina juyawa yana ƙarar ƙas ƙas kamar an zuba yashi a ciki, ta bayansa wani jan ruwan tsatsa ya bushe, sai na tuna lallai na taɓa kutsawa da ita cikin ruwa har ƙofa. Tsatsa ta riƙe shi sai da suka yi ta fesa mai suna bugu da guduma kusan rabin awa kafin ya saki, sannan yaron ya goge mazaunin da burushin ƙarfe kafin ya sa sabon. Na tsaya a kansu wajen ɗaure kusoshin, mai warshar har ya ji haushi ya ce inta muhandis, wai kai injiniya ne? Na ce a'a Mu'allim ɗina ne muhandis.
Abu biyu suka faru. Muna fitowa fitilar ABS ta kama a dashbod, gabana ya faɗi na ce shi ke nan jabu na saya, muka koma ashe filogin sensa ne bai shiga ya yi ƙyas ba, aka danna ta mutu. Na biyu kuma, na hau hanya gurnanin nan mai ƙarfi ya tafi amma akwai wani wuwuwu ƙarami da ya rage, na kira Mu'allim ta waya ya ce taya ce je ka karanta kwanan watanta. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar 3219, wai sati na 32 a 2019, ni kuma da na saye su hannu na ɗauka sababbi ne don zanen bai cinye ba. Na sa biyu sababbi a baya aka yi tarsis, wato balansin taya, da mizani, yanzu shiru kake ji, matab kuma ɗif ɗaya take yi ta zauna. Aljihu ya yi kuka maimakon motar amma alhamdulillah. Na kama layin fahas ranar Talata.

Maman Hanan:
Ma sha Allah, Allah ya sa a wuce fahas lafiya. Ka duba fitilun baya da na lamba kafin ka je, a kan ƙwan fitila ɗaya suka taɓa dawo da ni.

Direban Bayti:
Mabruk. Amma da ka je tashlih da rabin kuɗin nan yana aljihunka, ni har gobe ban sauka daga kan wannan ba. Nawa na tashlih yau wata bakwai ko tari bai yi ba.

Alhaji na Hindawiyya:
Allah ya tsare Malam Direba, ka dai dinga rage muryar rediyo kana saurare. Baban Walid in za ku Madina a sa mu a addu'a.

Abu Sumayya:
Salam yanzu na ga wannan zancen. Mu'allim tawa ma Camry ce 2008 amma kukan daga gaba yake, hagu, kusoshi huɗun nan ne ita ma in kwance da kaina?

Mu'allim na Makka:
A'a na gaba ba haka yake ba, a cikin ƙarfen ƙafar aka danna shi, sai an cire sandar da take juya tayar an kwance ƙafar duka an kai makbas, in aka buga shi da guduma tun ranar ya mutu. Ina da mota a sama yanzu, turo min muryar kukan ta gefe in na yi sallar isha zan saurara. Baban Walid kai kuma in ka yi kamar kilomita ɗari ka biya banshar a sake taɓa notunan tayar.